Na'urar da ke karɓar kuɗin hanya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san shingen kuɗin hanya, wanda ake ce ma feyaji. Duk wanda ya taɓa bin gudro daga Yamai zuwa Doso, ko daga Maraɗi zuwa Damagaram, ya gan shi. Mota ta tsaya. Direba ya miƙa kuɗi. Ma'aikaci ya yago tike ya ba shi. Sannan a buɗe hanya, mota ta wuce.

To, a ƙasashe da yawa yanzu mota ba ta tsayawa. Tana cikin gudu ake karɓar kuɗin. Babu miƙa hannu, babu neman canji. Na'ura ce ke yin aikin. A cikin wannan karatu za ka ga yadda take aiki, da su wa ke ƙera ta, da inda ta yi amfani, da inda ta jawo rigima. Maganar ta shafe ka ko ba ka da mota. Kuɗin hanya yana cikin kuɗin motar da kake biya a tasha. Yana kuma cikin farashin buhun hatsin da kamyo ya ɗauko.

Don mi ake biyan kuɗin hanya?

Hanya kamar rufin ɗaki take. In ba a yi mata yaɓe ba, damina ɗaya biyu sai ta fara zuba. Rana tana gasa gudro, ruwa yana shiga ƙarƙashinsa, manyan motoci suna murƙushe shi. Ƙaramin rami na bana shi ne babban rami na baɗi. Gyara kuwa sai da kuɗi. Shi ya sa ake cewa mai bin hanya ya kawo nasa taimako. A Nijar akwai asusu na musamman na gyaran hanyoyi, ana ce mashi FER. Kuɗin feyaji yana cikin abin da ke shiga wannan asusu.

Ka lura kamyo ya fi ƙaramar mota biya. Akwai dalili. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a Amurka. An yi ta zagaya motoci masu nauyi iri iri bisa hanyoyin gwaji, ana auna ɓarnar da suke yi. An gano cewa in aka ninka nauyin da ke bisa ƙafafun mota sau 2, ɓarnar ba sau 2 take ƙaruwa ba, tana kai wajen sau 16. Ka ga ke nan kamyo ɗaya mai lodi fiye da ƙa'ida ya fi ƙananan motoci masu ɗimbin yawa cin hanya. Don haka ne ƙasashenmu masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suka kafa dokar iyakance nauyin kamyo a 2005.

Karɓa da hannu tana da wahalarta. Motoci suna yin layi, mai yana ƙonewa a banza, lokaci yana tafiya. Kuma tsabar kuɗi tana bin hannuwa da yawa kafin ta isa asusu. Ko'ina a duniya, inda kuɗi ke bin hannuwa da yawa, lissafi kan yi wuya. Waɗannan matsaloli biyu ne aka ƙera na'urar don ta magance.

Yadda na'urar take aiki

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su yi aikin.

Na farko, wani ɗan akwati ne, bai wuce akwatin ashana da yawa ba. Ana manna shi a gilashin gaba na mota, daga ciki. Kowane akwati yana da lambarsa, ba ta kama da ta kowa. Wani iri kuma ba akwati ba ne, ƴar takarda ce mai gam, da ɗan ƙarfe siriri a cikinta.

Na biyu, wata gada ce ta ƙarfe da aka gitta sama da hanya, motoci suna wucewa ƙarƙashinta. Bisa gadar akwai na'ura mai aika saƙo ta iska, irin yadda rediyo ke yi. In mota ta iso, tamkar na'urar ta tambaya ce: "Wane ne?" Sai akwatin ya amsa da lambarsa. Kafin ka ƙifta ido an gama. Ita takardar mai gam ko batir ba ta da shi. Da ƙarfin saƙon da ya same ta take amsawa.

Na uku, akwai abin da ke gane girman mota. Wasu wayoyi ne da aka binne cikin gudro, ko wani haske da ido ba ya gani. Su ke ƙidaya ƙafafun mota, su auna tsawonta da tsayinta, don kada kamyo ya biya kuɗin ƙaramar mota. Akwai kuma kamara mai ɗaukar hoton lambar mota, dare da rana.

Na huɗu shi ne kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, da ke can ofis. Ita ke riƙe da littafin kowa. Ta ga lambar akwatinka, ta buɗe shafinka, ta cire kuɗin.

Wane kuɗi take cirewa? Wanda ka riga ka zuba. Daidai yake da kuɗin da kake sa ma salula kafin ka yi kira. Bari mu yi misali. A ce ka zuba jika 5. A ce kuɗin hanyar dala 100 ne. In ka wuce sau ɗaya, saura jika 4 da rabi. In ka wuce sau 10, kuɗin sun ƙare, sai ka sake zubawa.

A wasu wurare akwai sandar shinge, in na'ura ta karɓi kuɗi sai sandar ta tashi da kanta. A wasu wurare babu sanda sam. Wanda ya wuce ba shi da akwati, kamara ta ɗauki lambarsa, a aika mashi takardar biya har gida. In ya ƙi biya a ci shi tara.

Ma'aikaci mai hanzari yana sallamar mota wajen 300 zuwa 400 a awa ɗaya. Layin na'ura yana sallamar fiye da 1000.

Akwai kuma wata dabara da ba ta dogara da gada ba. Ana sa ma kamyo akwatin da ke sauraren tauraron ɗan'adam. Akwatin ya san inda kamyo yake, ya ƙidaya kilomita nawa ya yi bisa hanyar biya, ya aika lissafi ta layin salula. Wanda ya yi tafiya mai nisa ya biya da yawa, wanda ya yi kaɗan ya biya kaɗan.

Daga ina abin ya fito?

Za ka yi mamaki in ka ji shanu suna cikin tarihin wannan na'ura. Ka san yadda makiyayi ke sa ma dabbarsa shaida don ya gane ta cikin garke. A shekarun 1970, masana a wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Los Alamos sun yi aiki bisa shaidar da ake karantawa ta iska, ba sai an matso kusa ba. An so a yi amfani da ita a bi sawun motocin da ke ɗaukar kaya masu haɗari, a kuma gane shanu ɗaya ɗaya. Daga baya wasu daga cikin masanan suka kafa kamfani mai suna Amtech. A 1989 aka fara karɓar kuɗin hanya da na'urarsu a birnin Dalas.

Amma ƙasar Norwe, can arewacin Turai, ta riga su. A 1987 aka fara a wani gari nata na bakin teku mai suna Olesun. Norwe ƙasar duwatsu ce da mashigin teku. Gadoji da ramukan da ake fafewa cikin dutse suna cin kuɗi ƙwarai, don haka mutanenta sun daɗe da sanin kuɗin hanya.

Daga nan abin ya bazu. Italiya ta fara nata wajen 1990, sunansa Telepass. A 1997 Kanada ta buɗe wata babbar hanya kusa da Toronto wadda babu shinge ko ɗaya bisanta. A 1998 Singafo ta sa na'urar a ƙofofin tsakiyar birni, kuɗin yana hawa lokacin cunkoso, yana sauka in hanya ta yi sauƙi. Indiya ta zaɓi takarda mai gam don ta fi araha. Sunanta FASTag, kuma tun 2021 ta zama tilas bisa manyan hanyoyin ƙasar.

Nan Afirka ta Yamma ma ya iso. A 2013 Senegal ta buɗe babbar hanyar biya da ta fita daga Dakar. Kamfanin Eiffage na Faransa ne ya gina babban ɓangarenta, aka kuma ba shi riƙonta. Mai son wucewa da sauri yana sayen abin biya da ake ce ma Rapido, ya zuba kuɗi tun kafin tafiya. Mai tsabar kuɗi kuma ya bi nasa layi.

Su wa ke sayar da kayan?

Nan ne ya kamata ka buɗe ido. Gwamnati ba ta ƙera waɗannan na'urori. Saye take yi. Kuma masu ƙera su ba su da yawa a duniya. Ga kaɗan daga cikin manyansu:

Kapsch, na ƙasar Ostiriya. Tsohon kamfani ne, tun 1892 aka kafa shi a birnin Biyana. Shi ya haɗa na'urorin kuɗin kamyo na Ostiriya da suka fara aiki a 2004. A 2010 ya sayi kamfanin da ke ƙera akwatunan E-ZPass, waɗanda ake aiki da su a jihohi da yawa na Amurka.

Q-Free, na ƙasar Norwe. A gida ya koyi sana'ar, sannan ya fita da ita ƙasashen waje.

TransCore, na Amurka. Shi ya gaji Amtech. A 2022 wani kamfanin Singafo ya saye shi.

Mitsubishi, na Japan. Yana cikin waɗanda suka haɗa ma Singafo nata a 1998.

Ka san cewa a wannan harka hannu uku ne. Akwai mai hanya, wato gwamnati a madadin jama'a. Akwai mai riƙon hanya, wanda ke karɓar kuɗi yana gyara, wani lokaci har shekara 30 ko fiye. Akwai mai sayar da na'ura. Kowanensu yana da rabonsa cikin kuɗin da ka biya.

Kuma cinikin ba ya ƙarewa ranar saye. Ka tuna da injin niƙa ko famfon gari. Ba sayensa ne wuya ba. Wuyar ita ce ranar da ya lalace, aka ce kayan gyaransa sai wurin mutum ɗaya. Haka na'urar hanya take. Tana son kayan gyara, da masu gyara, da sabunta abin da ke cikin kwamfuta. In kamfani ɗaya kaɗai ya iya, to duk farashin da ya yanka sai a biya.

Wata matsalar kuma, akwatin wannan kamfani ba lalle ya ji maganar gadar wancan ba. An daɗe direbobin kamyo a Turai suna jera akwati uku huɗu a gilashi, kowace ƙasa da nata. Tun 2004 ƙasashen Turai suka yi doka don akwati ɗaya ya ishi mutum, amma an ɗauki shekaru masu yawa kafin abin ya fara kankama. Ka yi tunanin direban da ke ɗauko kaya daga Kwatano ko Lome zuwa Maraɗi. In kowace ƙasa ta sayi nata iri, shi zai ɗauki wahalar.

Inda abin ya ci tura

Kada ka ɗauka ko'ina aka kai na'urar sai alheri. Ga labarai uku.

Jamus ta ba wata ƙungiyar kamfanoni mai suna Toll Collect kwangilar kuɗin kamyo ta tauraron ɗan'adam. An yi alkawari za a fara a 2003. Na'urorin suka ƙi aiki yadda ake so. Sai ranar 1 ga Janairu 2005 aka fara. Gwamnati ta yi asarar kuɗin fiye da shekara guda, ta nemi diyya, aka yi ta jayayya har 2018 kafin a sasanta. Amma tun da ya fara aiki, yana kawo ma Jamus kuɗi masu yawa kowace shekara.

Faransa ta so ta yi irin wannan. Ta ba kamfanin Ecomouv kwangila, aka kafa gadojin ƙarfe wajen 170. A 2013 manoma da masu motoci na yammacin ƙasar suka tashi, sanye da jajayen huluna. Suka ce harajin zai kashe masu kasuwa. Suka ƙone wasu gadojin. A 2014 gwamnati ta soke shirin. Ko sisi ba a karɓa ba daga hannun direbobi. Amma yarjejeniya ta riga ta ɗaure gwamnati, dole ta biya kamfanin fiye da Yuro miliyan 800. In ka juya shi, ya haura miliyar 500 na sefa. Daga aljihun jama'a aka biya.

Na uku a Afirka ta Kudu ne. An ci bashi an faɗaɗa manyan hanyoyin da ke kewayen Johanasbag da Piritoriya. Aka kafa gadoji fiye da 40, aka ba wani kamfanin da Kapsch ke da babban kaso a cikinsa aikin karɓar kuɗi. An fara a watan Disamba 2013. Na'urorin sun yi aikinsu, suna karanta lambobi, suna aika takardun biya. Mutane ne suka ƙi. Suka ce ba a shawarce su yadda ya kamata ba. Suka ce hanyoyin da suka saba bi kyauta ne zuwa wurin aiki, kuma kuɗin tafiyar da na'urar ya yi yawa. Tun da babu sandar shinge, sai mutum ya wuce abinsa, takarda ta zo ya ajiye ta. Masu ƙin biya suka fi masu biya yawa nesa ba kusa ba. Ba za a iya kai dubun dubatar mutane gaban alƙali ba. A 2022 gwamnati ta amince za ta ɗauki bashin. A watan Afrilu 2024 aka daina karɓar kuɗin.

Mi ka gani a nan? A Jamus na'ura ce ta makara, da aka gyara ta sai abin ya tafi. A Faransa da Afirka ta Kudu yardar jama'a ce babu, kuma wannan babu injiniyan da zai gyara ta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa ma naka ruwa.

Abin da na'urar ke buƙata, da abin da take ci

Tana buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, ko ta hasken rana mai batir. Tana buƙatar layin sadarwa. Tana buƙatar a riƙa share ta, don ƙura da zafi abokan gabanta ne. Irin wadda babu shinge kuma tana buƙatar kowace mota ta kasance da lamba ta gaskiya, a san mai ita, a san gidansa. Inda ake sayar da mota hannu da hannu ba a canza takardu ba, takardar biya za ta je wurin wanda ba shi ya wuce ba. Shi ya sa ƙasashe da yawa suke barin sandar shinge, suna kuma barin layin tsabar kuɗi saboda wanda ba shi da akwati.

Akwai kuma abubuwa biyu da take ci. Tana cin aikin mutane. Inda ma'aikata 10 ke karɓar kuɗi, ƙila 2 su isa, kuma masu sayar da ruwa da ƙosai a bakin shinge su rasa ciniki, tun da mota ba ta tsayawa. Tana kuma cin sirri. Kwamfuta tana rubuta ranar da ka wuce, da lokacin, da wurin. Dole doka ta faɗi wanda ke da izinin duba wannan littafi.

Alherinta kuwa a fili yake. Layi ya ragu, mai ya ragu, kuma kowace mota da ta wuce an ƙidaya ta. In mota 1000 suka wuce, kuɗin mota 1000 za a nema. Sai dai na'ura tana ƙidaya abin da ya shiga asusu ne kawai. Ba ita ke cike rami ba. Abin da aka yi da kuɗin bayan sun shiga, wannan aikin mutane ne.

Abin da ya rage gare ka

Yanzu da ka iya karatu, kana da abin yi. In an biya kuɗin hanya a gabanka, a karɓi tike. Karanta shi: kuɗi nawa aka rubuta, wace rana, wane wuri. Tike shi ne shaidar cewa kuɗin sun shiga lissafi. Biya ba tare da tike ba, hanya ba ta amfana.

In kuma wata rana ka ji ana shawarar kawo irin wannan na'ura a hanyar garinku, kada ka tsaya ga kyanta kawai. Ba a cinikin biri a sama. Ka tambayi wakilanku, ko shugabannin ƙungiyar direbobi, waɗannan abubuwa. Cikin kowace dala 100 da aka karɓa, nawa ke zuwa gyaran hanya, nawa ke zuwa kamfani? Yarjejeniyar ta shekara nawa ce? In an soke ta, wa zai biya? Za a koya ma ƴan ƙasa gyaran na'urar? Wanda ba shi da akwati, ta ina zai bi? In na'ura ta cire ma mutum kuɗi bisa kuskure, ina zai kai kuka? Kuɗinka ne, hanyarku ce, tambaya ba laifi ba ce.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa huɗu da ke haɗuwa su karɓi kuɗin hanya ba tare da mota ta tsaya ba.
2. Don mi kamyo ya fi ƙaramar mota biya?
3. Wani direba ya zuba jika 3. Kuɗin hanya dala 50 ne. Sau nawa zai iya wucewa?
4. Mi ya sa aka daina karɓar kuɗin a Afirka ta Kudu, alhali na'urorin suna aiki?
5. Ku tattauna a aji: in aka kawo wannan na'ura a yankinku, wa zai amfana, wa zai yi asara?